Kube ne ke faɗin garin takobi

Jama'a, don Allah ku daina yar da tsohon kube. Duk shekara idan Sallah ta matso sai ka ga an ɗauko takobin gado, an cire kubensa don ya ƙoƙe, an sa masa na leda mai ƙyalli saboda hawa. Abin nan yana yi mini ciwo ƙwarai.

Ruwan takobi ba ya gaya maka inda ya fito. Da yawa daga cikin tsofaffin nan a Turai aka ƙera ƙarfensu, musamman Solingen ta Jamus, suka ƙetaro Sahara a hannun fatake. Hatta tambarin nan na wata biyu da ake gani a jikinsu, maƙeranmu sun koya sun riƙa bugawa a nasu. To ta yaya za ka gane na wane gari ne? Sai ta ƙota da kube da hamila.

Dalili kuwa, badukun da ya ɗinka kube shi ne ya ɗinka gafaka da alabe da laya da takalmi, kuma hannunsa ɗaya ne. Na gane haka ranar da na ajiye takobin kakanmu kusa da gafakarsa. Jar fata iri ɗaya, an yanka ƙananan kusurwoyi an sa koriya a ƙarƙashi tana leƙowa, baƙin layi biyu a gefe, har inda allura ta ɗan karkace iri ɗaya ne. Ba sai an tambayi kowa ba.

Ka dubi ƙotar da aka lulluɓe da tagulla mai furanni, ka dubi tiren Bida, za ka ga danginsu ɗaya. Wuƙar da Buzaye ke saƙalawa a hannu, ƙotarta ta ɗauko siffar adon azurfar da matan Agadas ke ratayawa. Kaskara kuwa, wato takobin Sudan, daga nesa ake gane ta, ƙarshen kubenta ya buɗe kamar ganye.

Abin ma juyawa yake yi: aska takwas da ke ƙirjin babbar riga ai sunan ƙarfe mai kaifi ta ci.

Idan kuben ya lalace, a kai wa dukawan kasuwar Kurmi ta Kano su yi sabo na hawa, ba laifi. Amma tsohon a shafe shi da man shanu kaɗan, a naɗe a ƙyalle, a ajiye tare da takobinsa. Wanda ke da irinsa a gida ya ɗauko hotonsa kusa da wata tsohuwar jaka ko laya ya turo mu gani.