Ba ƙuri'a ce ke kayar da mata a siyasa ba

Duk ranar zaɓe a Arewa, layin mata kan fi na maza tsawo a rumfuna da yawa, goyo a baya, rana na dukansu. Amma a Majalisar Dattawan da aka rantsar a 2023, kujeru 3 kacal mata suka samu cikin 109, sai daga baya kotu ta ƙara da Natasha Akpoti-Uduaghan.

An saba cewa jama'a ne ba sa zaɓen mace. Ban yarda ba. Aishatu Binani ta doke Nuhu Ribadu da tsohon gwamna Jibrilla Bindow a zaɓen fidda gwani na APC a Adamawa, sannan ta samu ƙuri'u kusan dubu 400 a zaɓen gwamna. Kafin ita, Aisha Alhassan (Mama Taraba) ta girgiza Darius Ishaku a zaɓen gwamnan Taraba na 2015. Talakawa, maza da mata, sun dangwala musu.

Matsalar tana can baya, tun kafin a buga fasta. Namiji ya ɗaga murya a taro, a ce jarumi ne, ba ya ɗaukar raini. Mace ta yi haka, a ce idonta ya buɗe, ba ta da kunya. Taron rabon muƙamai kuwa sai tsakar dare a ɗakin otal. In ta je a yi da ita, in ba ta je ba a raba babu ita. Kuma zagin da ake mata ba na sata ko gazawa ba ne, kai tsaye mutuncinta ake nufa, saboda an san ba ita kaɗai zai ƙona ba. Miji zai ji, 'ya'ya za su ji a makaranta, surukai za su kira taro. Da yawa nan suke janyewa, ba wanda ya ƙirga su cikin waɗanda suka faɗi.

Wannan makami tsoho ne. Da shi aka yaƙi Gambo Sawaba a zamanin NEPU, ban da ɗauri da duka, lokacin da matan Arewa ko ƙuri'ar ma ba su da ita sai a 1976.

Shi ya sa nake ganin batun ware wa mata kujeru, wanda majalisa ta yi watsi da shi a Maris 2022, ya cancanci a sake dubawa. Ba don mata sun fi maza gaskiya ba, a'a, akwai na banza a kowane ɓangare. Dalilin shi ne mace ɗaya a zaure abin kallo ce, kowa na jiran ta yi tuntuɓe. In sun kai talatin, dole a koma duba aikin kowacce.