Makarantar tsakar gida

Assalamu alaikum 'yan'uwana, musamman ku da Allah ya ba haihuwar fari ko ta biyu a 'yan shekarun nan.

Na daɗe ina koyar da 'yan aji 1 na firamare. Duk farkon shekarar karatu sai an kawo mini yaro, uban yana fara'a yana cewa, "Malam, ai ya iya ƙirga har 20 da Turanci." Sai in zube murafan kwalba a kan benci in ce wa yaron, "Miƙo mini guda 4." Sau da yawa sai ya dumbuzo cike da hannu ya ba ni, ko ya tsaya yana kallon babansa. Waƙa ya haddace. Bai san cewa kowace lamba tana da abin da take tsaye a kansa ba. A ajin nan kuma akan sami yarinyar da ba ta taɓa shiga nazire ba, amma in ka ce ta raba dabino 6 tsakanin mutum 3, nan take za ta yi, don a gida ita ake ba rabon ƙosai da safe. Wannan yarinyar ta riga wancan yaron nisa, ko da ba ta san harafi ɗaya ba.

Ba daga kan tudu nake muku magana ba, ni ma na faɗa ramin. Ɗana na fari yana da shekara 3 muka saba masa da waya. In ya yi kuka a miƙa masa, in uwarsa tana girki a miƙa masa, in na dawo a gajiye in miƙa masa don in samu in huta. Wata rana da yamma uwar tana kwashe tuwo ta ce, "Ɗauko mini mara a cikin kwando." Ya je ya tsaya a kan kwandon, ya ɗago ludayi, ya ajiye, ya ɗago muciya, sannan ya fashe da kuka. Sunayen 'yan katun kuwa yana jero su ba gargada. Ranar na kasa cin tuwon nan da daɗi. Ina koyar da 'ya'yan mutane, nawa bai san sunan abin da ake kwashe masa abinci da shi kullum ba, kuma laifin ba na kowa ba ne sai namu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini, in an rage ma ya fi. Ta kuma ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana bukatar aƙalla minti 180 na motsa jiki kullum, da barcin awa 10 zuwa 13. Ku auna wannan da abin da ke faruwa a ɗakunanmu. Waya tana yi wa yaro magana, amma ba ta jiran amsarsa, ba ta ganin ya rikice ta maimaita masa, ba ta dariya in ya yi gwaranci. Yaro kuwa da amsa-amsa yake koyon harshe: ya faɗa, ki mayar masa, ya sake faɗa.

To me za a yi? Babu abin saye. Kayan karatun suna nan a tsakar gida.

Uwa, in kin zauna tsince wake, ba shi ɗan faifai nasa. Ki ce ya ware tsakuwa gefe, mai huji gefe, mai kyau gefe. Ki tambaye shi, "Wanne ya fi yawa?" Ki sa ya taɓa kowane ƙwaya da yatsa yana ƙirgawa, ɗaya, biyu, uku, kada bakinsa ya riga yatsansa. Yatsun nan biyu da yake ɗaukar ƙwayar wake da su, su ne gobe za su riƙe fensir. Sai dai a kula: yaron da bai kai shekara 3 ba kada a bar shi da wake ko gyaɗa ko ƙananan duwatsu, don yakan kai baki ko ya cusa a hanci, kuma ko babba ne ido ya kasance a kansa. In kina shanya, shi zai miƙo miki kaya: jar riga, farar hula, babban zane, ƙaramin wando. In za a ci abinci ki ce, "Mu nawa ne? Ɗauko cokali daidai mu." Zai yi kuskure, ya kawo 3 alhali ku 5 ne. Kada ki gyara masa da baki. Ki bar shi ya raba, shi da kansa zai ga mutum 2 ba su samu ba, ya koma da gudu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tatsuniya, don ita muka fi yin sakaci da ita. Mu da muka tashi ana kashe fitila a ce "Ga ta nan, ga ta nanku," mu amsa "Ta zo mu ji ta," mun san abin da ta yi mana. Yaron da ke bin labarin Gizo da Ƙoƙi yana koyon zama ya saurara, yana riƙe abin da ya faru da fari har a kai ƙarshe, yana hasashen abin da zai biyo baya. Wannan shi ne ginshiƙin fahimtar karatu, kuma shi nake nema a aji in rasa. Ki tsaya a tsakiyar labari ki ce, "To, me kake gani Gizo zai yi?" Gobe ki ce shi ya ba ki. Zai haɗa kai da gindi, ya sako kura inda babu ita, ki ƙyale shi ya kai ƙurunƙus. Haka kacici-kacici. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Bar shi ya yi ta lalube, sannan ki nuna masa tsintsiya a jingine, ki ga yadda idonsa zai buɗe. "Baba na ɗaka, gemu na waje," ki kai shi bakin murhu ya ga hayaƙi. Ga kuma karya harshe irin na ƙato da kwaɗo da suka je ƙoto. Yaron da ya sha wannan wasa, kunnensa ya riga ya raba sautin "ka" da "ƙa", "da" da "ɗa", ranar da aka nuna masa su a allo ba baƙi ba ne a wurinsa.

Kuma don Allah ku yi musu da Hausa. Na san burin kowa ɗansa ya ji Turanci, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuma Faransanci. Buri ne mai kyau. Amma uwar da ta takura kanta ga guntun Turancin "zo, tafi, zauna, bari" ta hana ɗanta kogin maganar da ke bakinta. Yaron da ya ƙoshi da harshen gida, ya iya tambaya, ya iya ba da labari, shi ne yake saurin kama wani harshe, don ya riga ya san abin, suna kawai zai sauya masa.

Ku kuma iyaye maza, wannan ba aikin mata ba ne su kaɗai. Awa nawa muke yi a majalisa ko teburin mai shayi? Ɗauki yaron ka je da shi kasuwa. Nuna masa tiya da rabin tiya, bar shi ya miƙa kuɗi ya karɓo canji, ya gaida mai kanti. A hanyar masallaci ku ƙirga awaki, ka gaya masa wannan dalbejiya ce, waccan tsamiya. In ya dame ka da "Baba, mene ne wannan?" har sau goma, ka amsa sau goma. Anas ɗan Malik ya ba da labarin ƙaninsa ƙarami, Abu Umair, mai ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Manzon Allah (SAW) in ya zo yakan tambaye shi labarin tsuntsun. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito. Shugaban al'umma ya sami lokacin hira da yaro a kan abin wasansa, kai wane aiki ne ya fi ƙarfinka?

Sai maganar duka da tilasta rubutu. Ina ganin ɗan shekara 3 an danƙa masa fensir an ce ya cika shafi, hannu yana rawa, hawaye yana ɗiga a kan littafi, ana tsaye a kansa da bulala. Ko sallah, a hadisin Abu Dawud, sai a shekara 7 aka ce a umarci yaro da ita. Hannun ɗan shekara 3 bai nuna ba. Ba shi tsinke ya yi zane a ƙasa, ba shi gawayi da tsohon kwali, bar shi ya gina shanun laka, ya haɗa motar kara, ita kuma ta yi tuwon ƙasa da 'yar tsanarta, su yi 'yar gala-gala da ɓuya. Kaya za su yi datti, a wanke. Yaron da aka fara masa karatu da tsoro, ni nake karɓarsa a aji 1, da na miƙa masa alli sai ya noƙe kafaɗa yana kare kai. Kafin in raba shi da wannan tsoron, zango guda ya wuce.

Mu a gidanmu da muka janye wayar, kwana 4 aka yi ana rigima, har kakarsa ta ce mu ji tausayinsa. Muka daure. Muka sa doka cewa bayan sallar isha'i a shimfiɗa tabarma, wayata da ta uwarsa su zauna a ɗaki. Ranar da babu sabuwar tatsuniya sai a maimaita ta jiya, shi ma ya fi son haka. Yanzu yana aji 3, kuma shi yake zaunar da ƙanwarsa a kan tabarmar. Shekaranjiya na ji shi daga zaure yana ce mata, "Rigata ɗaya, aljihunta ɗari," ita kuma tana ta rantsuwa wai rigar Baba ce ta Juma'a.