Mu ma a arewa a tuna da mu

Wani labari da na gani ya ce wasu ƙwayoyin magani da aka gwada a kan majinyata suna taimakon mai sankarar huhu da ta yi nisa, idan awo ya nuna sauyi a wata ƙwayar halittar gado da ake kira EGFR. Gaskiya ne, a 2015 Amurka ta amince da gefitinib, ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙwayoyi, don masu wannan sauyin. To mu nan Garwa, a arewacin Kamaru, wa zai yi mana wannan awon? Yayana ya daɗe yana shan maganin tarin fuka kafin a gane sankara ce. Yanzu a zaune yake barci, an tokare masa baya da matasai, don da ya kwanta numfashi ya sarƙe.  Likitoci masu bincike, don Allah ku kawo gwajin ƙwayoyin nan arewa, ku yi mana bayani da Hausa da Fulatanci. Yayana ya ce zai shiga.