Santimita Uku

Bindigar iskata irin mai karyawa ce, mai sifirin a ciki, faɗin bakinta milimita 5.5. Kana kama ƙarshen bututun ka danno shi ƙasa har ka ji ƙas. Wannan karyawar ce ke matse sifirin, ta ja fistin baya ta maƙale shi a kunama. Sai ka cusa ƙwayar dalma guda a gindin bututun, ka mayar ka rufe. Da ka ja kunama sifirin zai wurgo fistin gaba, ya matse 'yar iskar da ke gabansa, ta kurɗa ta wata ƙaramar kafa ta turo dalmar waje. Babu albarushi, babu wuta. Ƙwayar ba ta cika giram ɗaya ba, amma tana fita da gudun da ya haura mita 200 a sakan, don haka duk wanda ya ce maka kayan wasan yara ce, kada ka ba shi ya riƙe. Hukuma ma ba ta ɗauke ta da wasa ba. Dokar makamai ta 1959 ta jera bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisin 'yan sanda, kuma nawa takardun suna cikin leda a ƙarƙashin katifa. Za ku ga ranarsu nan gaba.

Bana da kaka na sayo masara buhu huɗu daga Saminaka, na jibge a ɗakin ajiya da ke bayan gidanmu a unguwar Badarawa, Kaduna. Ba a jima ba sai ga kusurwar buhu a ɓule, ga ƙwayoyin masara sun yi layi har gindin katanga, inda wani sabon rami ya buɗe baki. Gafiya ce. Wanda bai san gafiya ba sai ya ce ai ɓera ne. Babba takan haura kilo ɗaya, tana da jaka a kumatu da take ɗura hatsi ta kai rami ta dawo ta sake, dare guda sai ta yi maka jigilar abin da zai ishi kaza mako. A Tanzaniya har horar da irinta ake yi tana shinshino nakiyoyin da aka binne a ƙasa. Tamu ta Kaduna dai masara ta karanta.

Uwargida ta ce a sayo tarko. Guba ba ta taso ba, saboda kaji da yara. Na ce mata gidan da ke da bindiga da mai iya harba ta ba ya zuwa kasuwa neman tarko. Ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Malam," da irin muryar da ake yi wa mai shirin tsayawa takarar kansila.

Na fara da abin da kowane mai hankali ke farawa da shi, wato sukurori. Uku ne ke riƙe ƙarfen da katakon, biyu a gaba, ɗaya wajen kunama, kuma girgizar sifirin kan sassauta su a hankali. In ka ga harbinka ya warwatsu, ɗaya gabas ɗaya yamma, duba su kafin ka zargi idonka ko maƙiya. Sannan na zazzage gwangwanin dalma a faranti na ware masu lanƙwasasshen siket. Siket shi ne bayan ƙwayar, rami ne mai siririn baki, shi iska ke buɗawa ya kama jikin bututun. In ya lotsa iska za ta tsere ta gefe, ƙwayar ta tafi inda ta ga dama.

Wurin gwaji kuwa, kwali na samu na danƙara masa tsummokara, na jingina buhun yashi a bayansa. Ba a harbin bulo ko kwano ko dutse, dalma takan yi tsalle ta dawo neman mai ita. Na auna daga ƙofar kicin zuwa bakin ramin, mita 15 cif. A nan na kafa kwalin, na zana masa ɗigo da biro.

Riƙo shi ne inda masu ƙarfi ke kunyata. Bindiga mai sifirin tana motsi sau biyu kafin dalma ta bar bututu: ta zabura baya lokacin da sifirin ya saki, ta kuma zabura gaba lokacin da fistin ya isa ƙarshe. In ka maƙure ta, motsin yau daban, na gobe daban. Ɗora ta za ka yi a buɗaɗɗen tafin hannu, wuri ɗaya kullum, gindinta ya ɗan taɓa kafaɗa, riƙon da ake yi wa jaririn da ba a yi suna ba. Kada kuma ka ɗora katakon kai tsaye a kan tebur ko bulo, sa hannunka ko matashi a tsakani. Wannan zaburar gaban ce ke kashe madubin saiti, wato madubin hange da ake ɗorawa a kan bindiga, in don bindigar albarushi aka ƙera shi, ita ce kuma ke jan madubin baya kaɗan-kaɗan in babu 'yar kusar da ke tare shi a mazauninsa.

Saita madubi aikin haƙuri ne. Harbi biyar a ɗigo ɗaya, ka duba tsakiyar inda suka taru, sannan ka murɗa. Yawancin madubai kowane ƙas na murɗi yana matsar da harbi kusan milimita 7 a nisan mita 100. A mita 15 bai wuce milimita ɗaya da ɗan ɗoriya ba, wato in kana kuskure da santimita 5 sai ka yi ƙas wajen 45. Mutane sukan murɗa uku su harba, su ga babu canji, su ce madubin jabu ne. Na zauna na ƙirga nawa har harbi biyar suka taru a wurin da murfin kwalbar lemo zai rufe. Kan gafiya ya fi murfin kwalba girma. Na rataye bindiga na tafi aiki ina tausayin baiwar Allah.

Akwai ƙanin uwargida da ke zaune da mu, yana koyon gyaran Keke Napep a wani gareji. Yaron kirki ne, illarsa ɗaya, ya yi imani babu ƙarfen da baƙin mai ba ya gyarawa. Ya ga bindiga a rataye, ya karya ta, ya ji ta ɗan yi ƙara a gaɓa, sai ya ɗauko gorar man inji. Da a gaɓar ya tsaya da na gode masa, nan wurin mai ne. Sai ya hango 'yar kafar da iska ke fitowa, ya ce ai nan ne maƙogwaronta, ya tsiyaya mata har ta ƙoshi. Bai faɗa wa kowa ba, wai yana so ya ba ni mamaki.

Bayan la'asar na ce bari in yi harbi ɗaya in tabbatar saiti bai motsa ba.

Injin dizal ba shi da fulogi. Matsi kawai ke zafafa iska har mai ya kama da wuta. To abin da fistin ɗin bindigata ya yi da baƙin man yaron nan ke nan. Ƙarar da ta tashi sai da kwanon kicin ya amsa. Hayaƙi ya turnuƙe daga bakin bututu da gindinsa, gida ya ɗauki warin tsohuwar tirela, kaji suka haye katanga. Fashewar irin wannan takan ingiza dalma ta zarce gudun sauti, wajen mita 340 a sakan, sai ta ƙara tata tsawar a kan ta man. Inda ƙwayar ta shiga ban gani ba, kwalin dai lafiyarsa lau.

Mutumin Kaduna ba ya jin ƙara irin wannan ya tsaya tambaya. Mai shagon kan kwana ya jawo ƙofarsa da kwastoma biyu a ciki. Mai shayi ya bar ƙwai a kasko. Kafin hayaƙi ya washe ana ta sallama a ƙofar gida: 'yan sintiri uku da gorori, mai unguwa a bayansu, ladan a bayan mai unguwa. Na fito da ledar takardu.

"Ranka ya daɗe, bindigar iska ce."

Mai unguwa ya shaƙi hayaƙin, ya dube ni ta saman tabarau. "Malam, ni dai tun da nake ban taɓa jin iska mai warin gareji ba."

Na shiga yi masa bayanin injin dizal. Ya saurara har ƙarshe, ya duba hatimin takardun, ya ce in Allah ya yarda nan gaba in zan kunna injin in riƙa sanar da maƙwabta. Yaron kuwa yana raɓe a bayan yayarsa yana cewa, "Yaya, amma ai ka ji yadda ta ƙara ƙarfi."

Ƙarfin da ta ƙara shi ne robar kan fistin ta ƙone gefe guda. Sai da aka kwance, aka wanke ɗakin iskar tas, aka sa sabuwar roba. Kwance sifirin ba aikin gaggawa ba ne, a matse yake ko bindiga ba a ɗane take ba, in ka zare fil ɗin baya ba tare da abin tare shi ba zai fito ya nemi haƙoranka. Abin da ɗakin iska ke so shi ne man silikon, ɗigo ɗaya ko biyu, bayan harbi wajen dubu. Daga nan na koma kan kwali na sake ƙirga ƙas tun daga farko. Gafiya ta yi amfani da wannan hutun ta buɗe buhu na biyu.

Daren farauta hunturu ya sauko sosai. Na sa rigar sanyi da hular sanyi, na naɗe kan tocila da jar leda don jan haske bai cika firgita gafiya ba, na ɗaure ta a ƙasan bututu. Buhun yashi yana bayan ramin, an kulle kaji, an kora yara ɗaki. Ban ɗana bindiga ba sai da na ji motsi, saboda barin sifirin a matse na sa'o'i yana kashe masa ƙarfi. Na karya a hankali, hannuna ɗaya riƙe da bututun gam har na gama sa dalma, don bututun da ya kuɓuce ya koma da kansa yakan tafi da ɗan yatsa. Na ɗora ido a madubi, na kafa shi a bakin rami. Mita 15. Komai bisa ƙa'ida.

Sai na ji ƙarar lasa a hagu.

Ashe baiwar Allah tana da ƙofa ta biyu. Ga ta nan zaune a kan bututun roba da ya fito daga gindin tankin ruwanmu, ƙasa da mita 4 daga inda nake, kumatu cike, ta sunkuyar da kai tana lasar ruwan da ke ɗiga a mahaɗa. Tankin lita 1,000 ne, a ranar aka cika shi, bayan an daɗe ba a ga wuta ba.

Ina so mai karatu ya bi lissafin nan da adalci. Madubi yana zaune ne santimita 5 a saman bututun bindiga. Ido yana kallo ta sama, dalma tana fita ta ƙasa, sai ta yi ta hawa har ta haɗu da layin ido a nisan da ka saita. Ni na saita mahaɗarsu a mita 15, inda muka yi da gafiya za ta fito. A mita 4 dalma ba ta gama hawa ba, tana ƙasa da inda kake kallo da kusan santimita 3. Ga shi a wannan kusancin hoton cikin madubi dishi-dishi yake. Na ɗora tsakiyar saiti a kan kunnenta, na yi bisimilla, na ja kunama a hankali yadda ake so. Bindiga ta yi aikinta daidai, dalma ta sauka santimita 3 a ƙasan kunnen gafiya, inda bututun ruwa yake.

Bututun roba da ya sha ranar Kaduna shekaru ba ya hujewa, fashewa yake yi. Kuma wanda ya haɗa mana ruwan ya sa makunnin ne can gaba, kusa da famfo, don haka ɓarakar tana tsakanin tanki da makunni, babu abin da za ka murɗa. Gafiya ta yi tsalle ɗaya. Na ga jelarta mai farin ƙarshe ta shige bayan tanki, da masarata a bakinta. Masu karin magana da suka ce gafiya tsira da na bakinki, da alama ta ji su.

Na jingine bindiga na danna babban yatsa a ɓarakar. Ruwan hunturu na tsakar dare ya bi hannun riga ya gangara har ƙugu. Abin da yatsa bai tare ba ya kama hanya, kuma gangaren tsakar gidanmu, kamar yadda na gano a daren, ɗakin ajiya ya nufa.

Uwargida ta fito da fitila, ta haska ni, ta haska ruwan da ke shiga ƙarƙashin ƙofar ɗakin masara.

"Malam, an samu?"

"Kawo bokitai da tsohon tayar keke."

"Na ce an samu? In ɗora tukunya?"

Da robar cikin tayar muka naɗe bututun, ni da yaron gareji, wanda a karon farko ya yi aikin da babu baƙin mai a ciki. Mun tsirar da abin da bai kai rabin tanki ba. Da safe mai gyaran famfo ya zo ya yanke inda ya fashe, ya sa soket da gam, ya ce a bar shi ya kama kafin a saki ruwa. Ya kuma ɗaura sabon makunni a gindin tankin, ya ce ko don gaba. Ya tambayi abin da ya fasa bututun, uwargida ta ce masa santimita uku ne. Kuɗin aikinsa da kayan zai sayi tarko takwas, ita ta yi wannan lissafin, a gabansa.

Buhu biyu na ƙasa sun jiƙe. Masarar da ta sha ruwa in ba a shanya ta da wuri ba fumfuna za ta kama ta, don haka aka baza ta a kan tabarmi da leda a ƙarshen tsakar gida inda rana ta fi zama, dab da katanga. Kafin azahar labari ya kai wa duk wata kurciya da hasbiya da ke tsakanin Badarawa da Malali. Suka sauko garke-garke, masu ƙiba, suna tafiya a natse, a mita 15 cif daga ƙofar kicin, da buhun yashi a bayansu.

Na je ɗauko bindiga na tarar da ƙusa kawai a bango. Tana cikin adakar uwargida, makullin yana ɗaure a bakin zanenta. Ta miƙo mini gwangwanin madara da tsakuwa a ciki da 'yar kujera, ta ce in zauna kusa da shanyar in riƙa kaɗawa, kuma in yi a hankali kada mai unguwa ya ji.