Tsabtataccen ci: teɓa yake ragewa ko aljihu?

Duk mai leƙa Facebook ko TikTok a 'yan shekarun nan ya ci karo da masu koyar da rage ƙiba, kowa da jadawalinsa. Saƙonsu kusan ɗaya ne: a guji duk abin da ya bi ta masana'anta, a bar sukari a koma zuma, a bar man gyaɗa a koma man zaitun, a jingine koko a sayi Quaker Oats na gwangwani. Suna kiran wannan tsari tsabtataccen ci, kuma alkawarin da suke yi shi ne teɓa za ta zube, jiki ya yi sakayau. A Birnin Kebbi abin ya samu shiga sosai wurin ma'aikatan gwamnati masu wuni a kan kujera, da matan da jikinsu ya buɗe bayan haihuwa, da magidantan da aka gwada a asibiti aka ce jininsu ya hau.

A ganina tambayoyi biyu aka cakuɗa wuri ɗaya, kuma da wannan cakuɗawar masu talla ke cin kasuwarsu. Abin da ke sa nauyin mutum ya sauka daban, abin da ke kare masa zuciya da ƙoda da hanta daban. Suna haɗuwa a wurare da yawa, amma ba abu ɗaya ba ne.

Batun nauyi lissafi ne. Jiki kamar rumbu yake: idan abin da ake zubawa ya fi abin da ake ɗiba, dole ya taru. Masana na auna ƙarfin da ke cikin abinci da kalori, kuma babban mutum yana bukatar wajen 2,000 zuwa 2,500 a rana, gwargwadon jikinsa da aikinsa. Kowane giram na mai yana ɗauke da kalori 9, ko na gyaɗa ne, ko manja, ko man shanu, ko man zaitun ɗin da ake saye da tsada a manyan kantuna. Babban cokali ɗaya kalori 120 ne ko kusa da haka. Zuma kuwa, duk da albarkar da ke cikinta, kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne. Wanda ya daina zuba sukari cokali uku a shayi ya koma zuba zuma cokali uku ya ƙara kashe kuɗi, amma sikeli ba zai san an yi wani canji ba.

A shekarar 2010 wani malamin kimiyyar abinci a Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka, Mark Haub, ya gwada wannan a jikinsa. Ya yi mako 10 mafi yawan abincinsa kek ɗin leda ne da biskit da ire-irensu, sai dai ya tsare kansa a kalori 1,800 a rana. Ya rage kusan kilo 12. Mutum ɗaya ne, kuma ko shi bai ce kowa ya kwaikwaye shi ba, amma ya nuna abin da masu jadawali ba sa son faɗa: nauyi na iya sauka da abinci marar kirki matuƙar an rage yawansa, kamar yadda yake iya hawa da abinci mai kyau matuƙar an cika ciki da shi.

Wata yayata, ma'aikaciya ce, ta yi watanni da barin lemon kwalba, kuma tana alfahari da hakan. Ranar da na iske ta tana haɗa zoɓon gida, na tsaya ina kallo. Ta jiƙa zoɓo da citta da kanumfari, ta tace a bokiti, sannan ta ɗauko gwangwanin madara ta cika shi da sukari ta juye, ta sake cikawa ta juye, ta ɗanɗana, ta ƙara rabi. Na ce, "Yaya, wannan ai an gudu ba a tsira ba." Ta ce, "Kai dai ka cika tsegumi, ai na gida ne, babu sinadarin kamfani." Gaskiyarta, babu sinadarin kamfani. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kusan giram 50 a rana, wato ƙananan cokula 12, kuma ta ce rabin haka ya fi. Robar lemo ta rabin lita kaɗai tana iya cinye wannan kason. Robar zoɓo ko kunun aya da aka zuba wa sukari da gwangwani ba ta da nisa da ita, kuma an fi shanta babu fargaba tunda an ɗauke ta lafiyayya.

To, ke nan irin abincin ba shi da wani tasiri? Yana da shi, kuma babba, sai dai ba ta hanyar da ake tallatawa ba. A 2019 wani mai bincike, Kevin Hall, a cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka, ya ajiye mutum 20 a asibiti tsawon wata guda. Mako biyu ana ba su abincin masana'anta wanda aka sarrafa sosai, mako biyu kuma abincin da aka dafa daga kayan gona kai tsaye. An daidaita yawan sukari da mai da kalorin da ake ajiye musu a faranti, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin kusan kalori 500 fiye da ɗaya ɓangaren a kowace rana, suna ci da sauri, kuma sun ƙara kusan kilo ɗaya. A makonnin girkin gida sun rage kusan kilo ɗaya, ba tare da an ce musu su rage ci ba.

Wannan shi ne hujjar masu tsabtataccen ci mafi ƙarfi, kuma na yarda da ita. Abinci mai laushi, mai zaƙi da gishiri da mai, yana wucewa kafin ciki ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa ya ƙoshi. Ku dubi teburin mai shayi da dare: Indomie biyu, ƙwai uku da aka soya cikin mai, rabin burodi, da kofin shayi mai kauri da madara da sukari. Cikin minti goma saurayi ya share, ya tashi ya kwanta. Ba shi kwanon dambun zogale da wake, sai ya gaji da tauna kafin ya kai rabin wannan lissafin. Abinci mai dusa da ganye da wake yana zama a ciki, yana jinkirta yunwa, shi ya sa mai cinsa ke rage yawa ba tare da ya ji yana azabtar da kansa ba.

Inda na rabu da masu jadawali shi ne tunanin cewa sai an je kanti an sayo wannan lafiyar. Gero da dawa da ba a surfe su har suka yi fari tas ba, hatsi ne cikakke, irin wanda likitocin Turai ke roƙon mutanensu su ci. Ga wake, ga zogale da rama da yakuwa da kuka da kuɓewa, ga albasar Aleiro, ga kifin Yauri da Argungu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a rana, ba ta ce sai tufa da inabin da aka shigo da su daga waje ba. Mangwaro da gwaiba da kankana da yalo duk suna cikin lissafi. Furar gero da nono, idan ba a kashe ta da sukari ba, ba ta jin kunyar kowane gwangwani.

Shinkafa ce ke bukatar a yi mata magana ta gaskiya, ko da yake a Kebbi maganar ba ta da daɗi. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashi na Babban Banki a nan jihar a 2015, shinkafa ta zama abin tinƙahonmu, ga kuma manyan injinan casa a Argungu da Birnin Kebbi. Madalla. Amma injin zamani yana goge ƙwayar har ta yi ƙyalli, kuma abin da yake gogewa shi ne dusar da ke rage saurin shigar sukari cikin jini. Gidaje da yawa yanzu shinkafa ce da rana, tuwon shinkafa da dare, ɗumamensa ko masa da safe, miyar kuma ɗan tsiyaye a gefe. Ba na cewa a bar shinkafa. Wadda mata ke turarawa tun tana shanshera kafin a casa ta fi riƙe amfaninta, kuma ko wace iri ce, idan aka rage tudun da ke faranti aka ƙara wake da ganye, an yi rabin aikin. Hadisin nan da kowa ya haddace, na kasa ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, a kan yawa yake magana.

Gishiri kuwa ba ya ƙara kitse, shi ya sa masu neman rage teɓa ba su cika kula shi ba, alhali shi ne babban abokin hawan jini. Shawarar ita ce kada a wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙulen miya da burodi da yajin tsire. Tukunyar da aka jefa wa dunƙule shida sannan aka bi da gishiri ta wuce gona da iri, ko da mai cinta siriri ne. Sirara ma suna shanyewar ɓarin jiki. Daddawa da busasshen kifi da albasa suna iya ɗaukar rabin aikin dunƙulen idan aka ba harshe mako biyu ko uku ya saba.

Akwai kuma haɗarin da jadawalin intanet ba ya ambata, domin ba a ƙasarmu aka tsara shi ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, irin wanda wasu 'yan kasuwa ke zubawa a buhu don hana shi ɓaci. Waken da Turawa suka ƙi, mu ne ke cinsa. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi suna yin fumfuna mai fitar da guba, kuma an tabbatar wannan gubar na haddasa kansar hanta, ba ta kuma mutuwa da dafuwa. Ga ayaba da mangwaron da ake nunar da su da kabayid ɗin masu walda, abin da NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kai. Duk waɗannan kayan gona ne, ba su taɓa shiga masana'anta ba. Mai son tsabtar abinci a Kebbi ya fara da tsince gyaɗar da ta canza launi ko take ɗaci, da sanin wurin wanda yake sayen wakensa.

Sannan ba duk abin da ya fito daga masana'anta ne abokin gaba ba. Gishirin leda mai sinadarin aidin shi ya rage maƙoƙo a ƙasar nan. Abincin ledar da ake bai wa yara masu tamowa a asibitoci, gyaɗa ce da madarar gari da mai da sukari, wato duk abin da masu jadawali ke cewa a guje wa, kuma shi ke tayar da yaron da ya kusa tafiya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kusan biyu cikin kowane yara uku 'yan ƙasa da shekara biyar a Kebbi sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa, a jihar da ke ciyar da Legas shinkafa. Abin da nake tsoro shi ne uwar da ta ɗauki dokar rage mai da ƙwai da gyaɗa don kanta, ta shimfiɗa ta a kan tukunyar gidan gaba ɗaya. Abin da Hajiya mai shekara arba'in da biyar ke bukatar ragewa, shi ne jikanta mai shekara biyu ke bukatar a ƙara masa.

Game da shayin rage tumbi da ake haɗawa da jadawalin a sayar, ba sai an ja magana ba. Da yawa daga cikinsu filasko ne da danginsa, gudawa suke sawa. Ruwan jiki ne ke fita, sikeli ya nuna an sauka, bayan kwana biyu ya koma inda yake. Kasuwar da ke sayar wa wannan shayin rage ƙiba ita ce ke sayar wa waccan "sha ka fashe".

Labari mai daɗi ga mai ƙiba shi ne ba sai ya koma jikinsa na samartaka ba kafin ya ga amfani. Wani babban bincike a Amurka da aka fitar da sakamakonsa a 2002 ya bi mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka ɗora a kan shirin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, wannan kilo 6 ne da ɗoriya, da tafiyar ƙafa ta rabin awa sau biyar a mako, wadda za a iya yi bayan sallar asuba kafin rana ta buɗe. Sai dai wanda ya riga ya fara shan maganin sukari ko allurar insulin kada ya datse abincinsa rana ɗaya don ya ga jadawali a waya. Sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa ya sume, don haka ya fara zuwa wurin likitan da ya rubuta masa maganin a daidaita masa shi da sabon cin nasa.