Karatun diflomasiyya ya kamata ya fara daga iyakar Jibiya

Duk lokacin da yaro ya samu gurbin karatun hulɗar ƙasa da ƙasa a jami'a, kafin ma ya shiga aji 'yan uwa sun fara kiransa "Jakada", domin a tunaninsu ƙarshen wannan karatu shi ne kwat da jan fasfo da zama a ofishin jakadanci a Landan ko Jidda. Fatan alheri ne, amma ya rufe mana ido daga ainihin amfanin wannan fanni, har ya sa jami'o'inmu suna koyar da shi kamar labarin wasu mutane ne da ke can nesa. A ganina, ɗalibin da ke Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Yamai ya fi kowa buƙatar sanin yadda ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa ke aiki, saboda shawarar da suke yankewa tana sauka ne kai tsaye a kasuwar garinsu.

Abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar ya isa hujja. Cikin 'yan kwanaki ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka mai tsawon kimanin kilomita 1,500, aka katse wutar lantarkin da Nijeriya ke bai wa maƙwabciyarta, har aka fara maganar tura sojoji. Wanda ya je Illela ko Jibiya a wancan lokaci ya ga manyan motoci sun yi jerin gwano a bakin hanya, direbobi na kwana a ƙarƙashinsu, albasa na ruɓewa a buhu, ga iyalai da aka raba da 'yan uwansu na Ƙonni da Maraɗi. A gidajen rediyo da majalisun unguwa kowa na tambaya ko ƙungiyar tana da hurumin yin haka, amma kaɗan ne suka iya buɗe yarjejeniyar ƙungiyar kan dimokuraɗiyya da kyakkyawan shugabanci ta 2001 su bayyana wa jama'a abin da ta tanada da abin da ba ta tanada ba. Haka kuma da Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewarsu daga ECOWAS a Janairun 2024, mutane da yawa ba su fahimci dalilin da ya sa ficewar ba ta tabbata ba sai Janairun 2025, alhali sashe na 91 na yarjejeniyar ƙungiyar da aka sabunta a 1993 ya shimfiɗa sharaɗin ba da sanarwar shekara guda ƙarara. Ɗalibin da ya kammala digiri a wannan fanni bai taɓa riƙe waɗannan takardu a hannunsa ba, an tauye masa haƙƙi.

Akwai darasi na biyu a cikin wannan rikici, wanda ba kasafai littattafan da aka rubuta a Turai ke ba shi muhimmanci ba. Lokacin da ƙofofin hukuma suka toshe, waɗanda suka fara samun ganin Janar Abdourahamane Tiani, jagoran sojojin da suka yi juyin mulkin, sun haɗa da Muhammadu Sanusi na II da tawagar malaman addini ƙarƙashin Sheikh Bala Lau, kuma ita kanta ECOWAS Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi ta aika Yamai. Wannan hanya ta shiga tsakani tana da tushe a tarihinmu, tun daga wasiƙun da Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Shehu al-Kanemi na Borno suka yi musayarsu a farkon ƙarni na 19, kowannensu yana kafa hujja da ilimi kan yaƙi da sulhu. Ya dace a karanta waɗannan wasiƙu a aji ɗaya da yarjejeniyar Biyana ta 1961 kan hulɗar jakadanci.

Ba ina cewa a yi watsi da Majalisar Ɗinkin Duniya da Kwamitin Sulhu da kujerar naƙi ba. Farfesa Tijjani Muhammad-Bande, wanda ya shugabanci Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ya jagoranci Babban Zauren Majalisar daga 2019 zuwa 2020, kamar yadda Idé Oumarou na Nijar ya riƙe muƙamin babban sakataren Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka daga 1985 zuwa 1989, don haka wannan fage namu ne mu ma. Sai dai ɗalibin da ya haddace sassan Majalisar amma bai san Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964 mai hedkwata a Njamena ba, ko Hukumar Kogin Neja da ke Yamai, ya bar abin da ya shafi ruwan sha da noman rani da tsaron yankinsa.

Matsalar da ta fi damuna ita ce ta harshe. Duk ƙasashe huɗu da ke maƙwabtaka da Nijeriya ta ƙasa, wato Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, an daɗe ana gudanar da aikin hukuma a cikinsu da Faransanci, amma sau da yawa ɗalibi na gama shekara huɗu bai iya karanta sanarwa mai shafi guda da wannan harshe ba. Ya kamata Faransanci ya zama wajibi daga shekarar farko zuwa ta ƙarshe, a kuma ƙarfafa Larabcin da yaranmu da dama suka taso da shi daga Islamiyya, tunda yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Sannan a fitar da ɗalibai daga aji. Daga Katsina zuwa Jibiya tafiya ce da ba ta kai awa guda ba, kuma wuni ɗaya tare da jami'an kwastam da na shige da fice da 'yan kasuwar dabbobi zai nuna wa ɗalibi yadda yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979, wadda ta ba ɗan ƙasar ECOWAS damar zama kwana 90 ba biza, take aiki a zahiri, da kuma abin da ke jiran mai fatauci yanzu da Nijar ta bar ƙungiyar.