Lambar da ta kayar da hasashen Fermat

Akwai wata lamba da nake ganin ya kamata kowane malamin lissafi ya rubuta ta a allo ko da sau ɗaya ne a shekara, ita ce 4,294,967,297. A ido ba ta da wani abin mamaki, lambar mara ce mai gurbi goma, amma ita ce ta kayar da hasashen ɗaya daga cikin manyan masana lissafi na ƙarni na 17.

A shekarar 1640, Pierre de Fermat, wani lauya ɗan ƙasar Faransa da ya ɗauki lissafi abin shagala, ya lura da wani tsari. Idan ka ɗauki 2 ka ninka ta da kanta, abin da ya fito ma ka ninka shi da kansa, haka har gaba, za ka samu 2, 4, 16, 256, 65,536. Ka ƙara ɗaya a kan kowacce, sai ka ga 3, 5, 17, 257 da 65,537, kuma dukkansu lambobi ne da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Ganin biyar a jere sun amsa, Fermat ya haƙiƙance cewa duk waɗanda za su biyo baya haka za su kasance, duk da cewa ya amince bai samu hujja ba.

Ta shida ita ce lambarmu. Sai a 1732, shekaru 67 bayan rasuwar Fermat, wani masanin lissafi mai suna Leonhard Euler, yana ɗan shekara 25 a birnin St Petersburg na Rasha, ya nuna cewa 641 tana raba ta ba tare da saura ba. Duk mai shakka ya buɗe kalkuletar wayarsa ya buga 641 sau 6,700,417; ni da kaina na yi shi da biro a bayan takardar jarabawa, kuma ya fita cif. Waɗannan biyun su ma ba sa rabuwa, don haka masu raba lambar huɗu ne kacal: ɗaya, 641, 6,700,417 da ita kanta.

Abin da ya fi burge ni shi ne Euler bai bi lambobi ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa ba. Ya nuna cewa duk lamba marar rabuwa da za ta raba wannan dole ta zama ninkin 64 da ƙarin ɗaya, saboda haka 193, 257, 449, 577 da 641 kaɗai ya ishe shi ya gwada. A ganina wannan dabarar ce ya kamata ɗalibi ya fita da ita daga aji, ba haddar ma'anar kalmomi ba.

Har zuwa yau, da duk ƙarfin kwamfutocin zamani, ba a sake gano ko lamba ɗaya marar rabuwa a jerin Fermat bayan 65,537 ba.